Baƙin Layi a Kan Ƙanƙara

A kwarinmu, kafin zamani ya juya, ba a buga waya don a ji ko mai shanu ya tashi lafiya. Gonarsa ake leƙawa ta taga. In ƙarfe takwas ta yi ka ga baƙin layi ya ratsa farar ƙanƙara, tururi na tashi daga cikinsa, to maigida ya yi tatsa, ya kwashe kashin shanunsa, ya loda a amalanke, ya ja da tarakta ya watsa a gona. In ba ka ga layin ba, sai ka zura takalmi ka je ka duba. Haka muka taso muka tarar, haka kuma Orvil Sandmo ya yi shekara arba'in da ɗaya yana yi, Lahadi da Kirsimeti duk ɗaya, don saniya ba ta san ranar hutu ba.

Ba mutane kaɗai ke jiran layin nan ba. Saniya ba ta narkar da duk masarar da ta ci, wata ƙwayar yadda ta shiga haka take fitowa. Talotalon dajin da ke kwana a kurmin kan tudu, bayan gonar Orvil, sun daɗe da gane haka. Da sun ji tarakta ta tashi sai su diro daga itatuwa, su gangaro a jere, su bi bayan amalanke suna tsince masara cikin ɗumin taki. Har gindin taya suke zuwa. Orvil yakan yi musu magana daga kan kujera, ya ce wa wannan ta cika haɗama, ya ce wa wancan ya matsa kada a taka shi. Mutum ne da in ka gaishe shi a ƙofar coci sai dai ya ɗaga maka haɓa, amma in da tsuntsaye ne bakinsa ba ya rufuwa. Akwai wata tsohuwa a cikinsu mai gashi ruwan toka, ita ke jan gaba kullum. Toka yake kiranta, kuma ya sha rantsewa ta san muryarsa.

A watan Oktoba aka sa masa ƙarfe a ƙugu, likita ya ce shi da tatsa sai dai labari. Shanu talatin da takwas aka sayar, aka kwashe a rana ɗaya. Orvil ya yi tunanin kowa: ya nema wa kyanwoyin ɗakin shanu gidan zama, ya yi sallama da direban motar madara, ya wanke amalanke ya tura shi lungu, ya kashe tarakta ya rataye makulli a ƙusa. Talotalo ne kaɗai ba su faɗo masa a rai ba. Ni ban ga laifinsa ba, don a Oktoba daji cike yake da 'ya'yan itatuwa, kuma ba mai tuna tsuntsun da ya ƙoshi.

Ranar da ƙanƙara ta fara kwanciya, yana zaune a kicin da kofinsa na uku, don har yanzu ƙarfe biyar yake farkawa ya rasa abin yi. Takwas na cika sai ga su sun gangaro a jere, Toka a gaba. Suka zo daidai inda layin ya saba farawa suka tsaya, suna miƙa wuya, suna duban ɗakin shanu.

"Ardis, zo ki gani."

Matarsa ta zo da tsumman goge kwano a hannu, ta leƙa ta kan kafaɗarsa.

"Baƙinka sun iso, ba ka ɗora tukunya ba."

"Ashirin da uku ne," in ji shi.

"To sai ka fita ka gaya musu ka yi ritaya. Ka nuna musu takardar likita."

Bai yi dariya ba. Kunya ce ta rufe shi, irin ta wanda ya gayyaci mutane cin abinci ya manta. Tsuntsayen suka yi kusan awa guda a tsaye a wurin, sannan suka juya suka koma tudu.

Daga ranar, kullum da sassafe tun ba su sauko ba, sai ya ɗauki bokitin masara da sandarsa, ya ɗingisa zuwa gona ya watsa, ya dawo ya zauna a taga ya jira su. Suka ci gaba da zuwa. Duk watan Disamba ƙanƙarar ba ta wuce idon sawu ba, in sun tona suna samu. Orvil ya ɗauka ya biya hakkinsu, har ya fara cin abinci da marmari.

Mako na biyu na Janairu sama ta buɗe. Kwana uku ƙanƙara na zuba ba ƙaƙƙautawa, da aka ɗauke kuma sai sanyi ya sauko, ma'aunin da ke manne a tagar kicin ya nuna ashirin da biyar ƙasa da sifili ya lafe a nan. Ita ƙanƙara iri-iri ce. Akwai mai nauyi da ke yin ɓawo a sama, wannan tsuntsu na takawa ya wuce abinsa. Akwai kuma mai laushi kamar garin alkama, ita ce ta zubo, har cinyar babban mutum. Talotalo tsuntsu ne mai nauyi a kan siraran ƙafafu, in ya faɗa cikin irin wannan sai ya nutse har ƙirji, ba tafiya, ba wurin da zai dogara ya tashi. Orvil ya fita da bokitinsa ya watsa, yana kallo ƙwayoyin suka huda ƙanƙara suka ɓace kamar an zuba a rijiya. Takwas ta yi, tara ta yi, ba wanda ya sauko daga tudu.

Ya ɗauko madubin hangen nesa. Daga taga zuwa kurmin rabin mil ne, kuma itatuwan wurin irin waɗanda ba sa kaɗe ganye ne, amma ya gan su: baƙaƙen dunƙule a kan rassa, ko motsi babu. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ashirin da uku.

A kwana na huɗu ya kira Harlan Brekke. Harlan maƙwabcinsa ne a tsallaken rafi, tare suka yi firamare, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Maharbi ne, ya san dajin nan fiye da aljihunsa. Ɗansa ne ke riƙe da shanun gidan yanzu, har ɗari uku.

"A'a, ranka ya daɗe mai hutu," in ji Harlan. "An tashi daga barcin ke nan?"

"Harlan, taki nake so. Amalanke ɗaya."

"Ka sayar da masu yi, ka dawo roƙon kashi? Duniya ke nan. Ai ka san namu duk rami yake tafiya, ruwa ne tsululu, sai bazara ake ɗiba. Duk kwarin nan wa ya rage yana watsawa a hunturu? Kai ne na ƙarshe, tsoho, kai ma ka gudu."

"Kwana huɗu ba su sauko ba."

Harlan ya bar wasa. "To madalla. Da sun sauko shi ne abin tsoro. Ka dubi murhun gidanka. In itace ya kusa ƙarewa me kake yi? Ba rufe masa iska kake ba, ka bar shi yana ci a hankali? Su ma haka suke. Kitsen da suka tara a kaka shi ne itacensu. Sun hura gashi, sun rufe ƙafa, sun cusa kai a fiffike. Duk lokacin da sanyi ya ƙaru wutar na ƙara saurin ci, shi ya sa ko tsinke ba sa ɓarnatarwa. Tashi ɗaya a wannan sanyin ya fi zaman kwana biyu cin jiki. In aka ƙyale su, mako biyu suna iya yi a haka."

"Bayan mako biyun fa?"

"Bayan nan sai abin da Allah ya yi. Ko ƙanƙara ta yi ɓawo su sauko, ko su fara zubowa. Kai dai abu ɗaya za ka yi musu, ka zauna a gida."

Zama a gida kuwa shi ne abin da Orvil bai iya ba. Ya ce in ba taki, ai akwai tarakta, sai ya danne hanya da taya daga gona zuwa gindin tudu, ya zuba masara a kan sawun. Ya ciro makulli daga ƙusa ya nufi ɗakin shanu. Yana tura ƙofa sanyi ya mare shi. Shekara arba'in da ɗaya numfashin shanu da ɗumin jikinsu ke ɗumama wurin nan, ko ruwan sha bai taɓa daskarewa ba, kuma a jikin bangonsu tarakta ke kwana. Yanzu ciki ya fi waje sanyi. Ya murɗa makulli, ko tari injin bai yi ba, batir ya mutu murus. Ya buɗe tanki ya leƙa. Man dizal ɗin rani ne ya bari a ciki tun Oktoba, bai canza zuwa na hunturu ba, ya daskare ya zama kamar kakide. Ya tsaya riƙe da murfin tanki yana kallon turakun da ba kowa, ya rasa wanda zai zaga in ba kansa ba.

Ya kira makanike a gari, aka ce mutum goma sha ne a gabansa, duk masu shanun da madararsu ke jira, shi da ba shi da ko akuya sai ya yi haƙuri. Ɗan Harlan ya zo da babbar taraktarsu ya share musu hanyar gida don kada su rasa fita. Orvil ya roƙe shi ya haura gona. Mutumin ya dubi tulin da iska ta tara a kan kwatar da ta ratsa tsakiyar gonar, ya girgiza kai.

"Baba Orvil, in na kafe a can, wa zai buɗe wa motar madara hanya gobe? Ka yi haƙuri."

Orvil bai ga laifinsa ba, da shi ne ma abin da zai faɗa ke nan. Ya ɗauki shebur ya share wani fili a bayan ɗakin shanu, faɗin tabarma biyu, abin da ya ci masa yini guda da ƙugunsa. Ya zuba masara. Hankaki suka yi biki, kurege ya yi ta jigila, da yamma barewa uku suka zo suka lashe saura. Waɗanda aka zuba dominsu suna can a kan reshe, rabin mil na garin ƙanƙara tsakaninsu da abinci.

Daga nan sai taga. Ya ja kujera ya kafa a wurin, madubi a wuya, ya dubi ma'aunin sanyi ya dubi tudu, ya dubi tudu ya dubi ma'auni. Ashirin da biyu ƙasa da sifili, ashirin da bakwai, ashirin da huɗu. Ardis ta kawo miyar dankali ta huce a gabansa, ta mayar tukunya ta sake kawowa. Duk itacen da ya jefa a murhu sai ya ji kamar ya saci wani abu. Shi yana da tsibi guda a bayan gida, su kuwa nasu na cikin fata, yana ƙonewa dare da rana, ba mai ƙara musu ko guntu. Tsoro yake ji, da takaici, da wata irin gajiya ta wanda bai yi aikin komai ba.

A kwana na goma, wajen sha ɗaya na safe, yana cikin ƙirga sai ɗaya daga dunƙulen ya karkata. Bai buɗe fiffike ba. Haka ya sulalo daga reshe kamar an saki hula, ƙanƙara ta haɗiye shi. Sauran ko juyawa ba su yi ba.

Washegari ya fito da faffaɗan takalman tafiya a kan ƙanƙara, da kwale-kwalen robar da a da yake jan jariran maruƙa a ciki a kan ƙanƙara. Ya ɗora rabin buhun masara. Ardis ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu.

"Ina zuwa, maigida?"

"Zan danne musu wuri a gindin itatuwan, in zuba. Dirowa kawai za su yi, ba tafiya."

"Da wane ƙugun? In ka faɗi a can sai bazara mu tono ka."

"Likita ya ce in huta wata uku, ga shi wata uku ya cika."

"Harlan ya ce kada a je kusa da su."

"Harlan da bindiga suka san shi. Ni da abinci suka san ni." Ya ɗaure igiya a ƙugunsa. "Shekara arba'in da ɗaya, Ardis. Kakannin kakanninsu ni na ciyar. Har gindin taya suke zuwa ina musu magana."

"Orvil, tsuntsun daji ne, ba saniya ba."

"Jiya ɗaya ta faɗo. Yau wata za ta faɗo. Kina so in zauna ina ƙirga su da kofi a hannu?"

Ta dube shi ta ga idanunsa sun yi ja. Shekara arba'in da huɗu tana aurensa, ta san inda magana ke tsayawa. Ta koma ciki ta ɗauko mayafin wuya ta naɗa masa, ta ja hularsa ta rufe kunnuwa.

"In awa biyu ta wuce ban ga ka juyo ba, zan kira Harlan ya zo ya yi maka dariya."

Ta karɓi madubin ta zauna a kujerarsa.

Rabin mil ɗin nan sai da ya ci masa awa guda da kwata. Taku ashirin, ya tsaya ya huta. Numfashinsa ya daskare a gemu, gashin hancinsa ya manne, ƙarfen da ke ƙugunsa ya ɗauki sanyi yana sukansa daga ciki. Ya kewaye kwata, ya bi jikin shinge, ya fara haura tudu. Duk da wahalar zuciyarsa ta yi sauƙi, don karon farko ke nan cikin kwana goma sha ɗaya da yake yin wani abu.

Da ya rage kamar taku ɗari ya fara ganin su da ido. Sun rame, gashin da suka hura ne kawai ke rufa musu asiri. Ga Toka a reshen ƙasa, daidai inda ya zata. Ya rage sauri, ya fara magana a hankali, irin yadda ya saba.

"To, 'yan mata, ga ni. Na makara, na sani. Toka, ke ce babba, ki gaya musu."

Kai ɗaya ya fito daga fiffike, sannan wani, sannan duka. Wuyoyi suka miƙe. Toka ta tashi tsaye a kan reshe ta yi wata gajeriyar ƙara, irin wadda Orvil ya sha ji daga nesa in dila ya gilma. Ya tsaya cak.

"Ni ne fa. Ni ne."

Kurmin ya fashe. Tsuntsaye ashirin da biyu suka tashi lokaci guda, rassa na kakkaryewa, ƙanƙara na zubowa kamar an zazzage buhu. Ba su da ƙarfin hawa sama, sai suka bi gangare, kowa ta inda fuskarsa ta duba. Wasu suka kai bakin rafi, wasu ko tsakiyar gona ba su kai ba. Yana tsaye da igiya a ƙugu yana kallo suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya huda rami a farin fili, fuka-fukai na dukan garin ƙanƙara suna ƙara nutsewa.

A nan tsaye abin ya zo masa, kuma ya zo masa duka lokaci guda. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa tsayawa a gabansu da ƙafafunsa ba. Kullum yana kan kujera, sama da taya, injin na ruri. A Disamba ma kafin su sauko ya koma gida. Duk surutun da ya yi musu, ƙarar tarakta ta cinye shi, ko kalma ɗaya ba su taɓa ji ba. Tarakta suka sani, da amalanke, da warin taki. Mutum mai tafiya da ƙafa biyu a dajin nan kuwa abu ɗaya suka san yana zuwa yi.

Ba abin da ya rage masa sai aikin da ya kawo shi. Ya haura gindin itatuwan, ya yi ta zagaye yana danne ƙanƙara da takalmansa har wuri ya yi ƙarfi, ya kwance bakin buhu ya zazzage. Masara ta yi rawaya a ƙasa, a sama rassa ba kowa.

A hanyar dawowa ya ga Toka a jikin shinge, ba ta yi nisa ba. Ta nutse har wuya, fuka-fukanta a baje a kan ƙanƙara, bakinta a buɗe tana haki. Taku talatin ne tsakaninsu. Ya ce bari ya ɗauke ta ya sa a kwale-kwale ya kai ta ɗumi. Yana ɗaga ƙafa ta fara bugun fiffike da ɗan abin da ya rage mata, tana ja da baya cikin ramin. Ya tsaya, ta tsaya. Ya sake matsawa, ta sake bugawa, wannan karon a hankali. Duk takun da zai yi wajenta daga cikin ranta yake fita. Sai ya ja da baya, ya bar sawunsa da ya riga ya danne, ya yi dogon zagaye ta cikin sabuwar ƙanƙara don kada ta ƙara ganinsa. Zagayen nan ya ƙara masa rabin awa, kuma kuka yake yi, hawayen na daskarewa kafin su kai gemu.

Ardis na bakin ƙofa. Ta ga komai ta madubi. Ba ta ce na gaya maka ba. Ta durƙusa ta kwance masa takalma, ta cire masa safar hannu ta duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta zaunar da shi kusa da murhu. Kujerar tagar kuwa ta riga ta mayar da ita wurin tebur.

Can ya ce, "Ba su san ni ba, Ardis."

"Sha wannan tukuna," in ji ta.

Washegari bai leƙa taga ba. Ba sai ya leƙa ba, kukan hankaki daga wajen gona ya ishe shi labari.

A kwana na goma sha uku iska ta juya ta fito daga kudu. Ma'auni ya hau, ya hau, har ya haye talatin da biyar, a ma'auninmu kuwa daga talatin da biyu ƙanƙara ke fara narkewa, ruwa ya fara ɗiga daga rufi, da la'asar aka yi yayyafi. Kafin gari ya waye sanyi ya dawo kaɗan. Da safe Orvil ya fito ƙofar kicin ya taka ƙanƙara da takalmin gida, bai nutse ba. Ya ɗora ɗaya ƙafar, ya tsaya da duk nauyinsa, ɓawon ya riƙe shi. Kwana goma sha huɗu ke nan cif, mako biyun da Harlan ya faɗa. Ya yi lissafin da kansa, ba sai wani ya yi masa ba. Ɓawon da ya riƙe babban mutum ai talotalo gudu ma zai yi a kai.

Wajen bakwai da rabi Harlan ya iso shi da ɗansa, da batir, da jarkar man hunturu, da injin hura zafi. Ardis ce ta kira su, kuma ta gaya masa duk abin da ya faru. Orvil ya shirya wa tsokana, ya ma fi son a yi ta a wuce wurin. Harlan ya dube shi kawai ya ce, "Ina kwana, Orvil," ya wuce ɗakin shanu. Tun suna firamare bai taɓa gaishe shi haka ba.

Awa biyu suka yi a kan tarakta kafin ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Suka jawo amalanke daga lungu. Ba taki, sai suka zuba tsohuwar ciyawar shimfiɗa da buhu biyu na masara. Ɗan Harlan ya shiga gaba da babbar tarakta ya fasa hanya har inda ƙasa ta miƙe, sannan suka koma gefen ɗakin shanu inda ba za a gan su ba.

Orvil ya hau da ƙyar. Ya ja amalanke zuwa inda layin ya saba farawa, ya saki sarƙa, ciyawa da masara suka fara tashi a baya. Layin bai yi baƙi ba, ba kuma tururi. Da ya zo daidai shinge ya ga gashi ruwan toka a warwatse, ya manne a cikin ɓawon ƙanƙara, da sawun dila da ya daskare kewaye da wurin. Bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe ya juyo, ya rage wuta, ya bar injin yana ruri.

Bai fi minti goma ba sai ga su. Ba daga tudu ba, daga ƙananan itatuwan bakin rafi. Suna tafe a kan ɓawo a hankali, suna tangaɗi, ba wadda ke jan gaba. Suka hau layi suka fara tsinta, suna matsowa, har suka zo gindin taya kamar yadda suka saba. Ya ƙirga. Ya ɗaga kai ya duba rafi, ya duba tudu, ya duba bakin daji, ya jira, ya sake ƙirgawa. Shida ne.

Wata ƙarama ta ture 'yar'uwarta a kan ƙwaya ɗaya, ga masara ko'ina. Bakinsa ya buɗe da kansa zai ce mata ta cika haɗama, sai ya rufe. Ƙugunsa na ciwo, yatsunsa sun mutu a kan sitiyari, daga gida kuma yana hango Ardis tana ɗaga masa hannu ya shigo. Bai sauka ba, bai kuma kashe injin ba. Ya sunkuyar da kai, ya ja hula ya rufe fuska, ya zauna shiru a kan kujera don kada su gane akwai mutum a wurin.